Tambaya: Yaya mutum zai zaga tsohon Zungeru da ƙafa, kuma me ya rage a can?

Malamin Aji Shida (Kaduna):

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san Zungeru, musamman 'yan asalin garin ko waɗanda aiki ya taɓa zaunar da su a can. A makon jiya na kai ɗalibaina lambun Gamji da ke bakin kogi a nan Kaduna, muka tsaya a kan 'yar gadar ƙarfen nan da ake kira gadar Lugga, sunan gwamnan Turawa na farko a Arewa. Da na gaya musu cewa ba a nan aka fara kafa ta ba, a Zungeru aka gina ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo ta Kaduna aka sake ɗaura ta a 1954, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "To Malam, su mutanen can me aka bar musu?" Na rasa amsar da zan ba ta, domin shekara goma sha ɗaya ke nan ina koya wa yara cewa Zungeru ce hedkwatar Arewa kafin Kaduna, amma ban taɓa taka garin ba.

Na ƙudura niyyar zuwa a hutun ƙarshen shekara, in Allah ya yarda, kuma so nake in zaga da ƙafa, ba in leƙa ta tagar mota in wuce ba. Daga ina ya kamata in fara, wa zan fara gaisarwa, kuma yini ɗaya zai ishe ni? Sannan ina son a tabbatar mini da maganar da nake yawan ji, cewa a Zungeru aka sa hannu a takardar haɗe Arewa da Kudu a 1914.

Ɗan Dungurun (Minna):

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa wannan ɗaliba taka albarka, domin tambayar da ta yi ita ce wadda mu da aka haifa a garin muke yi tun muna yara. A can aka yanke mini cibiya, kuma har yau iyayenmu ba su cika cewa Zungeru ba, Dungurun suke cewa. Abin da muka ji daga bakin manya shi ne, Turawa sun tarar da wani mutum yana kaɗa wani abin kiɗa na Gwarawa da Nufawa mai suna dunguru, suka tambaye shi, ya faɗa musu sunan abin da ke hannunsa, su kuma harshensu ya karkata shi ya koma Zungeru. Labarin baka ne, haka muka karɓe shi, haka kuma nake miƙa maka shi.

Lokacin da ka zaɓa ya yi daidai. Da damina ciyawa takan haɗiye kusan duk abin da kake son gani, ga macizai, amma daga Disamba zuwa Janairu an yi girbi, an ƙone daji, ƙasa ta fito fili. Daga Minna tafiyar ba ta wuce kilomita sittin da 'yan kai ba, sai dai ka tambayi direbobi halin da hanya take ciki a ranar da za ka tashi, kuma kada ka yarda dare ya same ka a kanta, musamman ɓangaren da ya nufi Tegina, inda aka sace ɗaliban Islamiyya a 2021. Wannan ba don in tsorata ka ba ne, mutane suna bin hanyar kullum, amma da rana suke bi.

Idan ka isa, kada ka zarce kangayen Turawa kai tsaye kamar wanda ya zo auna fili. Ka fara zuwa ƙofar mai gari ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da wani dattijo ko saurayi da ya san wuraren. Akwai dalili biyu. Na farko, yawancin wuraren yanzu gonakin mutane ne. Na biyu, babu alluna masu bayani da za su wadatar da baƙo, saboda haka idan kai kaɗai ne za ka iya wuce harsashin ofishin da aka mulki Arewa daga cikinsa ka ɗauka tsohon rumbu ne ya rushe.

Ni dai a ganina ka fara da tashar jirgin ƙasa da sassafe, kafin rana ta buɗe, daga nan ka gangara bakin kogin Kaduna ka ga gadar jirgin, ka ɗan zauna ka kalli masunta suna fitowa da kamun dare. Sai ka nufi inda gidan gwamna yake a da. Abin da za ka tarar ginshiƙai ne a tsaye babu rufi, da guntayen bulo a cikin kunyoyin gona. Na tuna muna yara mukan hau kansu mu ci rake, ba mu san cewa a nan Gwamna Lugga ya zauna ba. Akwai kuma maƙabartar Turawa, wadda ita ce ta fi taɓa ni da na girma, domin idan ka share ƙura ka karanta abin da ya rage na rubutun kan duwatsun, za ka ga da yawansu ba su yi nisa a shekaru ba ajali ya riske su nesa da gida. Daga nan ka nemi tsohuwar majami'ar mishan, sannan ginin da aka fara tun zamanin mulkin soja don tunawa da Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a garin ranar 16 ga Nuwamba, 1904, lokacin mahaifinsa yana akawun gwamnati. Shekaru masu yawa ginin ya yi a yashe ba a kammala ba, kuma wannan yana ci mini rai fiye da rushewar gidan Lugga, domin shi gidan Lugga masu shi ne suka tafi suka bar shi, wannan kuwa mu ne muka fara muka watsar. Shi ma Odumegwu Ojukwu a Zungeru aka haife shi, a 1933.

Yini ɗaya zai isa idan ka yi sammako. Ka sa takalmi mai rufi, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, domin zafin Dungurun ko da hunturu ba ya wasa da tsakar rana. Game da takardar 1914 kuwa, mu dai haka muka tashi muka ji ana faɗa, cewa a garinmu aka ɗaura auren Nijeriya.

Malama Mai Tarihi (Zariya):

Malam Ɗan Dungurun, Allah ya saka da alheri, ka ba da bayanin da babu littafin da zai ba da shi. Amma ka yi mini haƙuri a kan magana ta ƙarshe, tunda mai tambaya malami ne kuma abin da ya ji a nan shi zai kai wa yara. Dokar da ta haɗe Arewa da Kudu a Landan aka yi ta a ƙarshen 1913, kuma a Legas Lugga ya yi jawabinsa na ranar 1 ga Janairu, 1914. Abin da yake tabbas shi ne, a wannan rana Zungeru ce mazaunin gwamnatin Arewa, kuma a nan mataimakin gwamna mai kula da Arewa, Charles Temple, yake zaune. Wannan matsayi ya ishi garin alfahari, ba sai an ƙara masa abin da za a iya ƙaryatawa ba.

Ni abin da nake so mai tambaya ya riƙe a zuciyarsa yayin da yake tafiya shi ne abin da aka aikata daga wannan wuri, domin shirun da garin yake ciki yanzu yana iya ruɗin mutum. Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900, ya zauna a Jebba na ɗan lokaci, sannan ya koma Zungeru a 1902, lokacin da Kano da Sakkwato ba su shiga hannunsa ba tukuna. Ke nan ba don mulki kawai aka kafa garin ba, sansani ne na matsowa kusa da waɗanda ake shirin yaƙa. Daga nan aka tsara fitar rundunar da ta bi ta Zariya ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, ta shiga Sakkwato ranar 15 ga Maris, har abin ya ƙare a Burmi a watan Yulin wannan shekara, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Daga nan kuma aka tura sojojin da suka shafe ƙauyen Satiru da ke kusa da Sakkwato a 1906. Duk Bahaushen da ya tsaya a gindin waɗannan ginshiƙai ya kamata ya san cewa yana tsaye ne a inda aka yanke hukuncin da ya sauya rayuwar kakanninsa.

Akwai wani abu kuma da ba a cika ambata ba. Gwamnatin Lugga ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, inda ake tara yara da mata da aka ƙwato daga hannun fatake, waɗanda da yawansu an raba su da garuruwansu tun suna ƙanana har ba su iya faɗin inda suka fito. An rufe gidan a 1909, aka miƙa yaran ga 'yan mishan a Rumaisha, can wajen kogin Binuwai. Lokacin da na je garin da ɗalibaina, na tambayi wanda yake yi mana jagora inda gidan yake, ya yi ta kai-komo a cikin wata gonar dawa, daga ƙarshe ya ce shi dai gidan gwamna aka nuna masa tun yana yaro. Ban ga laifinsa ba, abin da aka ɗauka da muhimmanci shi aka gadar masa. Amma ina roƙon mai tambaya ya sake yin wannan tambayar ga dattawan da zai gani, wataƙila a dace da wanda ya ji daga kakarsa.

Shawarata ta ƙarshe ita ce ka lura da tazara. Ka ƙirga tafiyar da za ka yi daga inda Turawa suka zauna zuwa inda 'yan ƙasa suka zauna, ka tuna cewa kuku da boyi da masinja da mai ɗebo ruwa sun yi wannan tafiya safe da yamma. Da gangan aka bar wannan fili a tsakani, da hujjar kare Turawa daga sauro da zazzaɓi, kuma irin wannan tsari ne aka ɗauka aka kai Kaduna. Wanda ya zaga a mota ba zai ji wannan tazara a ƙafarsa ba.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe (Kafancan):

'Ya'yana, ku bar ni in sa baki a kan abin da na sani, wato dogo, domin shekara talatin da biyu na yi ina cin abinci a kansa, mahaifina kuma lebura ne a layin kafin ni. Jirgin ƙasa na farko a duk Arewa a wannan yanki ya yi gudu. Jiragen ruwan Turawa ba sa iya haurowa kogin Kaduna har Zungeru, sai aka shimfiɗa wani siririn layi mai faɗin ƙafa biyu da rabi daga Zungeru zuwa Wushishi a 1901, aka ƙara shi zuwa Barijuko a 1902, duka kimanin mil 22, don ɗauko kaya daga bakin ruwa. Kan jirgin da ya yi wannan aiki yana nan an ajiye shi a tashar Minna. Malam mai tambaya, tunda ta Minna za ka bi, ka tsaya ka gan shi kafin ka wuce, ka ɗauki hotonsa ka kai wa yaranka, za su yi mamakin ƙanƙantarsa.

Dogon da ya raya garin kuma shi ne ya taimaka wajen kwashe shi. An gama layin Baro zuwa Kano a 1911, layin Legas ya biyo ta Jebba da Zungeru ya haɗu da shi a Minna a 1912, sai Turawa suka ga cewa ga wuri can gaba a kan layin, mai ruwa, mai sauƙin zafi, wanda ya fi kusa da manyan masarautu. Sojoji suka fara tashi, ma'aikata suka bi su, zuwa 1917 komai ya koma Kaduna. Abin da ake iya kwancewa an kwance an loda a tarago, shi ya sa ba za ka tarar da gine-gine masu yawa ba.

Mahaifina yakan ce ba da son rai yawancin mutane suka yi aikin dogo na farko ba, sarakuna aka ɗora wa adadin mutanen da za su kawo, a zo a sare daji a ɗauki ƙasa a kwando a ka. Idan ka tsaya a bakin gadar jirgin, ka yi musu addu'a, domin ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a kan dutse ba. Kada kuma ka hau kan gadar don ɗaukar hoto, ka tsaya daga gefe.

Malamin Aji Shida (Kaduna):

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma, Baba. Malama, na karɓi gyara, kuma zan gyara a allo ranar Litinin, domin ni ma na sha faɗa wa yara maganar takardar 1914 yadda na ji ta. Na rubuta tambayar gidan 'yantattun bayi a saman takardata. Malam Ɗan Dungurun, saura abu ɗaya: sabuwar madatsar ruwan da aka gina tana cikin abin da ƙafa za ta kai, ko sai an nemi abin hawa?

Ɗan Dungurun (Minna):

Malama, na ji, kuma ba zan yi jayayya da mai ilimi ba, ko da yake sai na yi shiri kafin in maimaita wannan a gaban kawuna. Malam, madatsar tana can sama da gari, ƙafa ba za ta kai ka ka dawo cikin yinin da kake da shi ba. An fara aikinta a 2013, an gina ta don ta ba da megawat 700, kuma wuri ne mai tsaro wanda ba a shiga sai da izini, saboda haka ka bar ta sai wani zuwan. Idan ka gama zagayenka kafin la'asar, ka koma bakin kogi ka sayi busasshen kifi ka kai wa iyali, sannan ka kama hanyar Minna da sauran rana.