Wa aka taɓa yi wa sikanin saboda gwaiwa ko tundurmi?

Yayan Marayu: Assalamu alaikum. Ƙanena ne marainansa ke kumburi, lokaci lokaci da zazzaɓi da kaluluwa. Likita ya rubuta masa sikanin da gwajin jini na dare, ya ce yana zargin tsutsar tundurmi. Gida an rabu biyu, Inna ta ce sikanin ai na masu juna biyu ne, kuɗi kawai za a ci. Don Allah wanda aka taɓa yi wa ya faɗa mana yadda abin yake.

Manomin Fadama: Wa alaikumus salam. Ni an yi min. Nawa ma ba kumburin kirki, nauyi dai nake ji a gefen hagu in na wuni a gona. Kunyar ce babba, sauran mai sauƙi ne. Za ka kwanta rigingine, a rufa maka zane, a shafa wani mai sanyi mai yauƙi, a ɗora kan na'urar. Mai aikin ya yi ta bi a hankali, can ya tsaya cak ya ce, "Baba, kada ka motsa, riƙe numfashi." Sai ya juyo min da allon. Wani baƙin rami na gani, cikinsa wasu fararen abubuwa suna ta mutsu-mutsu kamar taliya a ruwan zafi. Hannunsa a tsaye, ni ma ban motsa ba, su kuwa ba su fasa ba. Na ce, "Likita, wannan a jikina yake?" Ya ce ƙwarai, kuma sun yi shekaru a wurin. Ba zafi, ba allura. Ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta.

Mai Ɗaukar Hoto: Aikina ke nan, bari in ƙara a kan na Baba. Abin da ya gani shi muke kira rawar tsutsa. Likitocin birnin Recife a ƙasar Barazil ne suka fara bayyana shi a 1994. Sauro ke kawo tsutsar, ta girma ta zauna a hanyoyin ruwan jiki, waɗanda ke bi ta kaluluwa. A maza ta fi son zama kusa da 'ya'yan maraina, kuma wurin ba nisa da fata, shi ya sa muke iya kama ta. Macen tana kai santimita 8 zuwa 10, tana rayuwa shekara 6 zuwa 8. Inda ta yi sheƙa ba ta tashi, don haka in an gama magani mukan koma daidai wurin mu duba ko motsin ya tsaya.

Abin lura: kan na'urar da ake awon ciki da shi ba shi ne na wannan aikin ba. Ana buƙatar miƙaƙƙen kai mai duba abin da ke kusa da fata, mai ƙarfin megahertz (MHz) 7.5 zuwa sama. Sannan jijiyar jini ma tana motsi, amma ita bugun zuciya take bi, tsutsa kuwa ba ta da tsari. Mai gaggawa yakan rikita su.

Maman Biyu: To ni labarina daban. Mahaifiyata ƙafarta ta dama ta fi shekara goma a kumbure. Muka kai ta wani wurin kuɗi, aka goga mata na'ura a ƙafa da ciki, aka ce ba komai, aka karɓi kuɗinmu. Dangi suka ce ai dama sun faɗa, sammu ne ta taka. Sai da muka je babban asibiti wata likita ta zaunar da mu, ta ce wanda ƙafarsa ta riga ta kai haka galibi tsutsar ta daɗe da mutuwa, ɓarnar da ta bari ce ake gani, don haka hoto da jini duk suna iya fitowa ba komai. Abin da ta koya mana shi ya yi aiki: wanke ƙafar kullum da sabulu da ruwa, a tsane tsakanin yatsu da tsumma mai laushi, a ɗora ta a kan matashi da dare, ban da yawo ba takalmi. Ƙafar ba ta koma yadda take ba, amma zazzaɓin nan mai sa ta rawar ɗari, ƙafar ta yi ja ta ɗau zafi, ya ragu sosai.

Direban Dare: Gwajin jinin ma kada ya yi wasa da shi. Ni sai wajen sha ɗaya na dare aka ɗiba. Na yi ta mita, ashe 'ya'yan tsutsar da rana ɓuya suke yi, sai tsakanin ƙarfe 10 na dare zuwa 2 suke fitowa cikin jini, lokacin da sauro ke cizo. Akwai kuma na tsinke da ake yi da ɗigon jinin yatsa ko da rana tsaka, amma ba ko'ina ake samunsa ba.

Malamin Firamare: Ni ba a ga tsutsa ba, amma hoton ya yi min rana. Ya nuna ruwa ne ya taru, ba hanji ne ya sauko ba, kuma ɗan marainan lafiyarsa ƙalau. Da shi likitan fiɗa ya yi min aiki. Kafin nan wani mai kemis ya zuƙe min ruwan da sirinji, ba a jima ba ruwan ya dawo, har wurin ya yi ƙari. Kada ku yarda da wannan.

Mai Rabon Magani: Ni a da ina cikin masu bi gida gida a jihar Filato da sandar awon tsawo, muna ba da Mectizan da albendazole sau ɗaya a shekara. Da taimakon Cibiyar Carter aka yi aikin, har a 2017 aka sanar an katse yaɗuwar cutar a Filato da Nasarawa. Amma wannan maganin 'ya'yan yake sharewa daga jini don kada sauro ya kai wa wani. Manyan ba ya gamawa da su nan take, shi ya sa ake maimaitawa aƙalla shekara biyar. Yaya, a wace jiha ƙanen naka ya taso? Ya taɓa sha?

Manomin Fadama: Ni doxycycline likita ya ɗora ni a kai, mako shida. Ya ce akwai wata ƙwayar cuta a cikin tsutsar wadda ba ta iya rayuwa sai da ita, ita maganin ke kashewa, tsutsar ta bi baya a hankali. An daɗe kafin a sake duba ni. Ramin na nan, amma tsit.

Mai Ɗaukar Hoto: Haka ne, sai dai kada wani ya karanta ya ruga kemis. Mai ciki ba ta sha, yaro ƙasa da shekara takwas ma haka. Wata ta tambaye ni a gefe game da mata: akan ga tsutsar wani lokaci a nono ko hammata ko matsematsi, amma kama ta ya fi wuya, don haka a mace jini muka fi dogara da shi. Yayan Marayu, ƙanenka ba sai ya ƙi cin abinci ba, ba sai ya cika mara da ruwa ba. Ya sa wando mai sauƙin kwancewa, ya riƙe takardar likita, ya kuma tambaya tun a ƙofa ko suna da kan na'urar duba maraina kafin ya biya.