Sun bar auduga a cikin matata, wa zai biya kuɗin aiki na biyu?

Assalamu alaikum. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Iyalina aka yi wa aiki aka ciro jariri a wani asibitin kuɗi a nan Kano. Aka sallame mu, har aka yi suna. Daga nan zazzaɓi ya ƙi sauka, ciki ya kumbura, wurin ɗinki ya fara zubar da mugunya mai wari. Muka koma, suka rubuta allurai muka saya. Da abin ya ci tura muka kai ta babban asibiti, aka yi hoto, aka sake buɗe ta, sai ga audugar tiyata tun ta aikin farko. Likitan ya nuna min ita a ɗan kwanon ƙarfe, ta dunƙule ta yi baƙi ƙirin.

Tana samun sauƙi, alhamdu lillahi. Amma babur ɗina ya tafi, ga bashi. Mai asibitin farko ya ce ai na sa hannu kafin aiki, iyakarsa ya mayar min da rabin kuɗin aikin farko. Surukina kuma ya ce ƙaddara ce, in bar wa Allah. Ina da haƙƙin neman kuɗin aiki na biyu, ko in haƙura?

Maman Khalifa: Subhanallahi. Allah Ya ba ta lafiya, Ya raya abin da aka samu. Ni dai tunda rai ya tsira, karɓi rabin ka rufa wa kanka asiri. Shari'a da mai kuɗi sai ta cinye fiye da babur.

Nas ɗin Tiyata: Malam, a ɗakin tiyata nake aiki, bari in faɗa maka yadda abin yake. Kafin a yanka, ana ƙirga auduga da allurar ɗinki da almakashi a rubuta. Kafin a rufe ciki a sake ƙirgawa da ƙarfi, likita yana ji. Guda ɗaya ta ɓata, ba a ɗinkewa sai an gan ta, ko da za a zazzage kwandon shara. Wannan ƙirgar tana cikin jerin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 2008. Zubar jini, ko ciwo ya ƙi warkewa da wuri, waɗannan suna faruwa ko a hannun gwani, kuma su ne irin abin da ka sa wa hannu. Barin auduga daban ne, sakaci ne. Ba na son tona abokan aiki, amma gaskiya ɗaya ce.

Barista: Ƙanena, takardar da ka sa wa hannu izinin yin aiki ce, ba izinin ganganci ba. A shari'a irin wannan ƙara tana daga cikin masu sauƙi, domin audugar da kanta hujja ce: asibitin ne zai yi bayanin yadda ta shiga. Kuma asibiti yana ɗaukar laifin ma'aikatansa, ba sai ka gano wanda ya yi kuskuren ƙirga ba. Abin da za a nema ya wuce kuɗin aiki na biyu: magani, jini, kwanan asibiti, da wahalar da ta sha. Ita ce mai ƙara, da sunanta za a shigar.

Kafin komai, ka rufe bakinka ka tara takarda. Ka nemi rahoton likitan da ya ciro audugar a rubuce, da sakamakon hoto, da duk rasit, har na kyamis. Ka rubuta wa asibitin farko ka nemi kwafin fayil ɗinta, su buga hatimi a kan kwafin wasiƙarka. Fayil yakan yi ƙafa idan aka ji ƙishin-ƙishin ɗin lauya. Rabin kuɗin nan kuma kada ka sa hannu a kan komai, wata takardar tana cewa ka yafe sauran.

MDCN, hukumar likitoci ta ƙasa, tana iya dakatar da likita ko ta soke lasisinsa, amma ba ta sa a biya ka. A Kano akwai PHIMA mai kula da asibitocin kuɗi, ka kai koke can. Ganin takardarsu kaɗai yakan sa a nemi sulhu. In babu kuɗin lauya, ka je ofishin Legal Aid, masu taimaka wa marasa ƙarfi da lauya. Masu karatu kuma su sani: da asibitin gwamnati ne, sai a yi hanzari, don lauyoyinsu sukan kafa hujja da dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 na shigar da ƙara.

Baban Ummi: Barista, mutumin da ya sayar da babur kake tura wa kotu? Shekara nawa za a yi ana ɗagawa?

Barista: Alhaji, ban ce ya fara da kotu ba. Sulhu nake so, amma mai takarda a hannu shi ake saurara a wurin sulhu.

Malam Na Tsangaya: A gaya wa surukinka cikin ladabi, imani da ƙaddara bai hana karɓar haƙƙi. Wanda ya kaɗe maka akuya ma da ƙaddara ya kaɗe, kuma yana biya. Malamai sun ce likitan da ya san aikinsa, ya bi ƙa'ida, sannan abu ya faru, babu biya a kansa. Wanda ya yi sakaci ko hannunsa ya kuskure, akwai biya. Yafiya alheri ce, amma ta mai jiki ce. Ba ta uba ba ce, ba ta miji ba. A tambaye ta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam, na tambaye ta. Ta ce ta yafe ciwon, amma a biya bashin, kuma a sa su gyara kafin su yi wa wata. Barista, likitan ya ce zai rubuta rahoton, sai dai yana ɗari-ɗarin a kira shi shaida.

Barista: Karɓo rahoton tukuna. Ka tabbata akwai ranar aikin, da abin da aka ciro, da hatimin asibiti. Maganar shaida ka bar wa lauyanka.