"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga": a ina ake faɗarta?

Abban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ya samu aiki a wani kamfani a Kaduna, sai ya turo mana saƙo: "Alhamdu lillahi, bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga." Na ce masa ba a irin wannan wuri ake faɗarta ba. Ya kafe. Wai a sanarwar ɗaukar aikin kalmar opening aka rubuta, kuma a Turanci kalmar nan guda ita ce gurbin aiki, ita ce huda a jikin katanga, ita ce bikin buɗe sabon shago, ita ce farkon jawabi. Tunda Bature ya haɗa su a kalma ɗaya, shi ma yana da damar haɗawa. Ku raba mana gardama.

Maman Hanifa: Yaya, ƙaninka ya zagi kansa bai sani ba. Tunda nake ban taɓa jin an yi wannan karin magana a kan alheri ba. Gidan aure na fi jin ta. Daren da za a kai ni, gwaggona ta riƙe hannuna cikin lulluɓi ta ce duk abin da ya haɗa ni da mijina in bar shi a ɗaki, kada maƙwabta su ji, don sai bango ya tsage. Ba ta ma ƙarasa ba. Ƙadangaren nan shi ne magulmaci, shi ne mai kai gauro ya kai mari.

Magini Ɗan Zazzau: Bari mai sana'a ya sa baki. Ginin ƙasa ba ya tsagewa rana ɗaya. Da rani za ka ga wani siririn layi kamar zare, galibi a kusurwa ko ƙarƙashin indararo. In ka cuɗa ƙasa da ramno ka yaɓe kafin ruwan farko, shi ke nan. In ka ce sai gobe, ruwa ya shiga, layin ya zama wurin da yatsa zai shige. A nan za ka ga ƙadangare ya leƙo da jan kansa yana gyaɗa maka kai, kunama kuma tana can ƙurya. Shekaruna a aikin nan ban taɓa ganin ƙadangare ya fasa bango da kansa ba. Tarar da shi yake yi. Saboda haka maganar da mai gida take, ba da ƙadangare ba.

Ɗan Damagaram: To Malam Magini, ai ka wanke yaron ke nan. In ƙadangare ba shi da laifi, mene ne aibu don mutum ya kira kansa da shi? Ya ga kafa ya shige. Mu 'yan kasuwa haka muke rayuwa, wani ya yi sakaci da mai ciniki kai ka karɓe shi.

Maman Hanifa: Ɗan'uwa, to sai ya je ya faɗa a gaban manajansa mu gani. Ai cewa ya yi kamfanin nasu a tsage yake, shi ya sa irinsa suka samu shiga.

Malam na Ƙofar Na'isa: Hajiya ta taɓo wurin. Bahaushe bai haɗa abin da Bature ya haɗa ba, kowace buɗewa da sunanta, kuma sunan ne ke gaya maka ko ana son ta. Ƙofa da gangan ake barin ta. Tsaga da ɓaraka aukuwa suke yi, shi ya sa ake cewa a ɗinke ɓaraka, ba a cewa a ɗinke ƙofa. Gurbi wurin da wani abu ya tashi ne, kamar yadda ake cewa gurbin ido ba ido ba ne. Na farawa ma dangi guda ne daban: buɗa baki da azumi, buɗar kai ta amarya, da addu'ar Allah ya kawo buɗi. Fatiha kanta, ayoyi 7 da muke fara komai da su, sunanta daga buɗewa yake a Larabci. Abin da ƙanin Abban Khalifa ya samu gurbi ne, kuma buɗi ne.

Mu Kanawa dattawanmu kan ɗora wannan karin magana a kan tarihin garin. Badala tana nan da ƙofofinta, amma an yi yaƙin basasa tsakanin Tukurawa (magoya bayan Sarki Tukur) da Yusufawa (magoya bayan ɗan'uwansa Yusufu) daga 1893 zuwa 1895, 'yan gida ɗaya. Da Turawa suka iso a watan Fabrairun 1903, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato, suka shiga ta Ƙofar Kabuga.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, nan kam ban bi ka ba. Mutanen da suka zo da igwa da bindiga mai ruwa ba ƙadangaru ba ne. Waɗannan da kansu suke fasa bango. Sakkwato ma ai sun ci ta wata guda bayan nan.

Malam na Ƙofar Na'isa: Ka yi gaskiya a kan igwar. Ni dai abin da na ji a bakin manya na faɗa, ban ce da ba a yi basasa ba da ba su shiga ba.

'Yar Gidan Liman: Duk kun manta da baki. Tazara ce tsakanin haƙora, amma in da ita aka haife ki sunanta wushirya, samari na layi. In faɗuwa haƙorin ya yi sunanta giɓi, kina dariya kina rufe baki da mayafi. Har kasafin kuɗin gwamnati giɓi ake ce yana da shi, ban taɓa jin an ce yana da wushirya ba.

Abban Khalifa: Na tura masa duka. Ya goge ƙadangaren, ya rubuta "Allah ya yi mini buɗi." Amma ya ce in gaya wa Maman Hanifa, albashin farko ko goro ba za ta gani ba.

Maman Hanifa: Ka ce masa ina jiran atamfa, turmi guda.