Nexus 7 ta 2013: tana da sauran amfani?

Mai_tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Nexus 7 ta 2013 da Asus ya ƙera wa Google, mene ne a cikinta? Tawa ta daina juya hoto idan an karkata ta, cajin ma sai a hankali.

Injiniya_B: Wa alaikumus salam. Allonta inci 7 ne, 1920×1200, da furosesa Snapdragon S4 Pro mai gudun 1.5GHz, RAM 2GB, ma'adana 16GB ko 32GB, batir 3950mAh. Ba ta da ramin memori, abin da aka saya da shi ke nan. Kada a rikita ta da ta 2012 mai furosesa Tegra 3 da RAM 1GB, waccan ta fi jinkirin aiki sosai.

Mai_gyara: Malam, matsalolin nan biyu galibi tushensu ɗaya. Ramin caji yana kan ƙaramin fale (allon lantarkin cikin na'urar) na ƙasa, wata siririyar waya mai faɗi ce ke haɗa shi da babban falen, kuma takan saki. Kashe na'urar, ɓalle murfin baya da roba, ba da ƙarfe ba, cire mahaɗin batir tukuna, sannan ka ɗaga makullan wayar a ɓangarorin biyu ka sake zaunar da ita. Idan cajin bai gyaru ba, gwada caja mara waya ta Qi, tana karɓa. In ta cika da ita, mai yiwuwa ramin caji na USB ne ya mutu.

Injiniya_B: Google ya tsaya a Android 6.0.1 wajen sabunta manhajarta. LineageOS, wani nau'in Android da ba Google ke fitarwa ba, tana hawa, amma sabbin nau'o'inta sai an faɗaɗa ɓangaren ma'adanar da manhajar ke zama tukuna, kuma hakan yana goge komai. Kwashe bayananka kafin ka fara.