Neman shawara: firamaren ƙasa da ƙasa a Guangzhou ga yara biyu

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina harkar kayan gini tsakanin Kano da Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma yanzu zaman can ya fi na gida yawa, shi ya sa nake so in ɗauko iyali. Yara biyu ne: mace mai shekara 8 tana aji 4, namiji mai shekara 5. Bizata ta kasuwanci ce, M, amma ana kan yi wa kamfanina rajista. Ina son makarantar da ake karatu da Turanci, don in mun dawo gida kada su rasa inda za su kama. Wace makaranta, nawa ake biya, yaushe ake nema? Gida kuma ina tunanin kamawa a unguwar Xiaobei saboda abinci da jama'armu. Allah ya saka da alheri.

Mai harkar takardu:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ajiye maganar gida tukuna, takardar zamanka ce kan gaba. Bizar M ba ta jawo iyali, kuma makarantun da hukuma ta yi wa rajista don 'ya'yan baƙi suna neman fasfon yaro tare da takardar zaman mahaifi. In kamfani ya kammala rajista, sai a nema maka izinin aiki, ka karɓi bizar aiki, wato Z, ka shigo, cikin kwana 30 ka mayar da ita takardar zama a ofishin shige da fice. Daga nan ne uwargida da yara za su nemi bizar iyali ta dogon zama, S1, su ma cikin kwana 30 da shigowa a mayar musu. Kada a karɓo S2 don ta fi saurin fita, ta ziyara ce, ba ta wuce kwana 180.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne shaidar dangantaka. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da takardar aure sai sun bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Sin ya buga nasa hatimin. Sin ta shiga yarjejeniyar da ta sauƙaƙa wannan aiki a Nuwamba 2023, amma Nijeriya ba ta ciki, don haka tsohuwar hanya za ka bi. Kafin ka kai, jera takardun a tabarma ka duba sunaye harafi da harafi. Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, ya isa a dawo maka da su. Ka duba wa'adin fasfon yaran ma, don ba a ba da takardar zama ta wuce ranar ƙarewar fasfo. Ranar da suka sauka a gidan haya, cikin awa 24 a yi musu rajista a ofishin 'yan sandan unguwa. Takardar da za a ba ku a nan za a yi ta tambayarta.

Malamar firamare:
Allah ya sa albarka a niyya. Ka lura, ba duk makarantar da ta rubuta “ƙasa da ƙasa” a ƙofa ce irin wadda kake nufi ba. Akwai na 'ya'yan baƙi zalla, su ne ke da 'yancin bin manhajar waje. Akwai masu zaman kansu na harshe biyu da ke ɗaukar Sinawa. Waɗannan tun 1 ga Satumba 2021 doka ta hana su amfani da littattafan waje daga aji 1 zuwa 9, manhajar Sin suke bi, a ƙara Turanci a kai. Ka nemi ganin lasisin, a karanta maka abin da aka rubuta a jiki.

Cikin rukunin farko akwai American International School of Guangzhou, wadda aka kafa a 1981, ƙananan azuzuwanta na tsibirin Ersha, manya kuma can Science Park. Akwai British School of Guangzhou da Utahloy, duka a gundumar Baiyun, ta farkon tsarin Ingila, ta biyun tsarin IB, manhajar ƙasa da ƙasa ta International Baccalaureate. Akwai ta Kanada a Panyu. Manyan cikinsu kuɗin firamare ya haura yuan 200,000 a shekara kan yaro ɗaya, kuma yawanci ban da mota, abincin rana, yunifom da kuɗin neman gurbi, wanda ba a mayarwa ko an ɗauki yaro ko ba a ɗauka ba. Ka nemi jimilla a rubuce, tare da sharaɗin cire yaro a tsakiyar shekara. In ba a ba da sanarwa a rubuce kan lokaci ba, kuɗin zango na iya tafiya.

Maganar aji kuwa ka shirya zuciyarka. Da shekaru suke ajiye yaro, ba da ajin da ya baro ba, kuma ƙarshen Agusta ko 1 ga Satumba ne ma'auni. Mai shekara 8 a tsarin Amurka aji 3 ce, a na Ingila shekara ta 4, alhali matakin ɗaya ne. Kada ka yi jayayya a ɗaga ta. Yaranmu sukan zo da ƙarfi a lissafi da hadda, amma a can ana so yaro ya rubuta shafi guda daga kansa, ya tsaya gaban aji ya yi bayani. In gwajin shiga ya nuna tana buƙatar ƙarin darasin Turanci, ka karɓa, sai dai ka tambaya ko da kuɗinsa daban. Shekarar karatu daga Agusta take zuwa Yuni, don haka a fara nema tun Janairu ko Fabrairu, da sakamakon shekara biyu da katin rigakafi a hannu.

Hajiya, uwar ɗalibai:
Ni dai Alhaji ban goyi bayan kama gida a Xiaobei kafin a san makaranta ba. Garin nan faɗi ne da shi. Yaro mai shekara 5 da zai shiga mota ƙarfe 6:30 ya yi awa guda a hanya, kafin azahar barci yake a aji. Ka karɓi taswirar hanyoyin motar makaranta, ka nemi gidan da tafiyar ba ta wuce minti 30 ba. Kai babba ne, jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai ka Xiaobei a layi na 5, unguwar kasuwanni ta Sanyuanli a layi na 2. Nama da kayan miya sayen mako ya wadatar.

Abincin makaranta kuwa kada ka tsaya a kan “babu alade”. Ka tambayi man da ake suya da shi, da romon da ake zuba wa miya, da ko tukunya ɗaya ce. In amsar ba ta gamsar ba, a riƙa ɗura musu daga gida a kula mai riƙe zafi. Ku koya wa yarinyar gane 清真, alamar halal ke nan. Hijabi ma a yi maganarsa a rubuce tun kafin biya, har da kayan wasanni da na iyo, don iyo darasi ne a yawancinsu.

Yanayi ba irin na Kano ba ne. Wajen Maris bango kan yi gumi, yunifom ya kwana biyu bai bushe ba, takalmi ya yi fumfuna. Ku sayi na'urar tsotse danshi, yunifom kuma saiti uku. Daga Yuli zuwa Satumba lokacin guguwar teku ne. A lardin Guangdong, in aka ɗaga gargaɗin guguwa a matakin launin ruwan ɗorawa ko sama da haka, ko jan gargaɗin ruwan sama, babu makaranta ranar. Sanarwa ta WeChat take zuwa, manhajar saƙo ta Sin, WhatsApp ba ya aiki, don haka uwargida ta buɗe nata da kanta. Sauron can zazzaɓin dengi yake kawowa, kuma da rana yake cizo, a shafa musu magani kafin su fita.

Wani ɗan kasuwa:
In kuɗin ya yi nauyi, makarantun gwamnati ma wasu na karɓar 'ya'yan baƙi, ta ofishin ilimi na gunduma ake bi. Ƙaramin zai fi cin riba: aji 1 sai ya cika 6 kafin 31 ga Agusta, kafin nan ya yi shekara a renon yara, harshen ya zauna masa. Babbar ce abin dubawa, don sa'o'inta sun gama aji 2 da sanin haruffan Sinanci wajen 1,600. Kuma Mandarin, Sinancin hukuma, ake koyarwa, ko da a kasuwa za ku ji Kantonis, yaren yankin. Abin da zan hana ka shi ne ajin da ake buɗewa a ɗakin haya ba lasisi. Rana ɗaya za a iya rufe shi, kuma sakamakonsa ba makarantar da za ta karɓa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura karatun Alƙur'ani da hutun Sallah, yaya ake yi?

Malamar firamare:
Sallah ba ta cikin kalandarsu. Hutunsu na makon 1 ga Oktoba ne, da na Disamba, da na sabuwar shekarar Sinawa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Ka rubuta wa malamin aji mako guda kafin Idi, za a ɗauke shi fashi da izini. Karatu kuma a gida, ku da 'ya'yanku. Kada a tara yaran maƙwabta a mayar da falo Islamiyya, dokar addini a can tana da tsauri kan hakan. In malami daga gida zai riƙa biya musu ta waya, Sin na gaban Nijeriya da awa 7, ƙarfe 5 na yammarsu ƙarfe 10 na safe ne a Kano. Idi kuwa ku tafi da wuri masallacin Xianxian, kusa da lambun Yuexiu, don cika yake yi tun da sassafe.