Saƙonnin imel na saba suna fita da sunan root, ya zan canja?

Mai tambaya daga Rikkos: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da sabar wata makaranta a nan Jos, wato kwamfutar da ke riƙe da bayananta, CentOS 7 (wani nau'in Linux) ce a kanta. Kullum ƙarfe 2 na dare cron, manhajar da ke gudanar da aiki a lokacin da aka tsara, yana adana bayanan ɗalibai, sai ya aika wa shugaban makaranta rahoto da umarnin mail. Amma da sunan root@localhost yake zuwa (root shi ne babban asusun sabar), Gmail ya wurga shi cikin spam, wata rana ma ko ƙeyarsa ba a gani. Jiya shugaba ya kira ni yana tambaya, wai wane ne wannan Root ɗin? Na gwada ƙara -a "From: ..." a umarnin don in canja sunan mai aikawa, sai ya ce babu fayil. Ku agaza.

Wani daga Bukuru: Wa alaikumus salam. Malam, na Ubuntu, wani nau'in Linux daban, ka kwafo. A can -a layin kan saƙo irin su From yake ƙarawa, amma mailx, wato umarnin mail na CentOS, fayil yake liƙawa da shi, shi ya sa yake neman fayil mai suna From. Naka -r ne:

mail -s "Rahoto" -r rahoto@example.com shugaba@example.com

In sendmail, umarnin da ke miƙa saƙon, kake kira kai tsaye, -f ne adireshi, -F kuma suna.

Wata daga Tudun Wada: Yaya, -r zai gyara sunan, amma ba zai fitar da kai daga spam ba. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke neman SPF ko DKIM, wato hanyoyin tabbatar da asalin saƙo, daga duk mai aikawa. Ka rubuta adireshin da sabarka ba ta da izinin amfani da shi, sai su ɗauke ka ɗan damfara. Kar ma ka kuskura ka sa na @gmail.com haka kawai. Ni msmtp, wata ƙaramar manhajar aika imel, nake sawa, in bi ta smtp.gmail.com a tasha 587 da kalmar sirrin manhaja. Sai dai ka sani, Gmail zai mayar da adireshin zuwa na asusunka, sai in ka riga ka tabbatar da ɗayan a saitinsa.

Dattijon rukuni: Duk gaskiya suka faɗa. In kana so duk abin da root ya aika ya canja, ka sa smtp_generic_maps, wato jerin sauya adireshi, a Postfix, manhajar imel ta sabar, ka gudanar da umarnin postmap a kan jerin, ka sake loda Postfix. Kuma ɗana, CentOS 7 ta daina samun gyara tun Yunin 2024. Bayanan yaran mutane ne fa a ciki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. msmtp ya yi, rahoton daren jiya ya shiga akwatin shugaba. Maganar sauya saba kuma, Baba, sai an yi hutun zango.