Shin aikin gona kaɗai ya isa ya haɗa kan ɗalibai?

Malamin kimiyyar ƙasa: Ni a ganina kwalejin noma ba ta buƙatar wani shiri na musamman don kowane ɗalibi ya ji ana yi da shi. A ba kowa fartanya, rana ta doke su tare, shaƙuwa za ta zo da kanta.

Ɗalibar aji uku: Malam, a gafarce ni, ka lura da yadda ake raba aiki a filin? Maza ke hawa tarakta, su ke riƙe injin feshi. Mu kuwa sai a miƙo mana littafi mu rubuta awo. Ranar jarrabawa kuma tarakta ɗaya za a ba kowa. Rahoton 2011 na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce mata ne kusan kashi 43 cikin ɗari na masu aikin gona a ƙasashe masu tasowa.

Tsohon ɗalibi: Ƙanwata, ba ku kaɗai ba. Ɗan birnin da bai taɓa tatsar saniya ba, da zarar an yi masa dariya sau ɗaya ya daina tambaya. Ɗan makiyayi kuma yana gane dabba marar lafiya tun daga tafiyarta, amma harshen karatu na ba shi wuya, sai a ɗauka bai san komai ba.

Malamin kimiyyar ƙasa: To a ware wa kowa ajinsa ke nan? Amurka ta gwada. Dokar Morrill ta 1862 ta kafa kwalejojin noma, jihohin kudu suka hana baƙaƙen fata shiga. Ta 1890 ta yarda a buɗe musu nasu daban, jihohin kuma suka riƙa tauye musu kuɗi.

Malama mai kula da ɗalibai: Haba Malam, wa ya ce a ware? A riƙa juya aiki kowane mako, kowa ya hau tarakta. Malami ya haɗa rukuni da kansa. A ɗaga wasu fangaloli yadda mai keken guragu zai kai hannu. Masana halayyar ɗan Adam Walton da Cohen sun wallafa bincike a mujallar Science a 2011: sababbin ɗalibai a wata jami'ar Amurka suka karanta bayanan manyansu cewa jin baƙunta a farko abu ne da ke samun kowa, kuma yana wucewa. Cikin shekara uku tazarar maki tsakanin baƙaƙe da farare ta ragu da rabi.

Malamin kimiyyar ƙasa: Wancan ba a gona aka yi ba, Malama. Juya aiki na yarda. Amma in na haɗa rukuni da kaina, raggo zai fake bayan mai himma su raba maki.

Ɗalibar aji uku: Yanzu ma haka suke yi, Malam, a bayan abokansu. A ba kowa makinsa daban.